Hannun Gwaggo, Fuskar Nana

SHAFI NA 23

Daga alƙalamin Maman Ilu

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, wai na ɓoye Gwaggo 'Yardada kwana uku, to ga ta nan na fito muku da ita, ku bar ni in huta. Waɗanda suka shigo yau kuma, Nana Khadija ita ce yarinyar nan ta unguwar Soron Ɗinki da mutum dubu ɗari biyu ke bin shafinta na girki, alhali duk miyar da suka taɓa gani a shafin Gwaggonta ce ta dafa. Gwaggo ta tafi suna Ƙofar Mazugal. Yanzu za ta dawo.

*

Ko sallama Gwaggo 'Yardada ba ta yi ba.

Ƙyauren tsakar gida ta banko har ya daki bango. Mayafinta ya zame ya rataye a kafaɗa ɗaya, ledar kayan suna a hannunta.

Nana Khadija na durƙushe gaban murhun gawayi tana gyara tsayuwar waya a kan sandarta. Ta sha kwalliya, ta ɗora rigar girki mai ɗauke da sunanta a ƙirji. Hasken la'asar take jira ya sauko kan tukunya.

"Yauwa Gwaggo, sannu da dawowa. Rana na neman wuce mu, zo ki ƙarasa miyar in ɗauka."

Gwaggo ta yi jifa da ledar. Cincin ya watse a ƙasa.

"Khadijatu."

Nana ta miƙe tsaye da sauri. Gwaggo ba ta kiran ta da wannan sunan sai abu ya ɓaci.

"Na'am, Gwaggo."

"Miyar taushen nan da ke kan wuta, haɗin wa ne?"

Nana ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake!"

"Na Dada ne. Mahaifiyarku."

"Au, ashe kin sani."

Gwaggo ta tako har gabanta.

"Yau a wurin sunan nan na gidan Lauratu, a gaban mata sun fi hamsin, aka zubo min funkaso da miya. Ina kai loma na ce, wannan ai haɗin gidanmu ne, sai dai an cika masa yakuwa. Wata yarinya da na yi jika da ita ta kwashe da dariya. Wai, Iya, ashe ke ma a shafin Nana kika koya? Na ce wace Nana? Ta zaro waya ta manna min a ido."

"Gwaggo, don Allah ki tsaya in..."

"Na ga tukunyata! Na ga ludayina mai tsagaggen baki! Na gan ki kina wani far-far da ido kina cewa..." Gwaggo ta maƙale murya tana kwaikwayo. "'Yan uwa, wannan haɗin ni na zauna na ƙirƙiro shi da kaina, ba za ku same shi a ko'ina ba."

Gwaggo ta buga ƙirji.

"Na ce musu ƙarya ne, miyar uwata ce. Kin san abin da suka yi? Kallon tausayi suka bi ni da shi. Ɗaya ta ce a ƙyale baiwar Allah, tsufa ne. Ni! Ni da aka yi shekara arba'in ba a biki a unguwar nan sai an aiko a ɗauke ni!"

Labulen ɗaki ya ɗaga. Umma Jummai, mahaifiyar Nana, matar ƙanin Gwaggo, ta fito tana gyara ɗankwali.

"Haba Yaya, wane irin ɗaga murya ne wannan? Maƙota fa na ji."

"Su ji! Soron Ɗinki gaba ɗaya ta ji! Jummai, kin san abin da 'yarki take faɗa a wayar nan?"

"Yo Yaya ai harkar zamani ce. Haka kowa yake yi. Wa yake tambayar wanda ya hura wuta?"

Gwaggo ta bi ta da wani kallo, sannan ta juyo kan Nana.

"Ke ba ce min kika yi kowa ya san ni ce ba? Ba ce min kika yi har gaishe ni suke yi ba?"



Gwaggo ta buɗe tukunyar, ta ɗebo miya a ludayi, ta miƙa mata.

"Ungo. Ɗanɗana."

"Gwaggo..."

"Ba ke kika ƙirƙiro ba? Na bar abu ɗaya ban saka ba kafin in fita. Ɗanɗana ki faɗa min mene ne."

Nana ta karɓa. Ta hura, ta kai baki. Miya dai ta ji, mai zafi. Ta kalli Umma. Umma ta shiga motsa leɓe daga bayan Gwaggo.

"Ni za ki kalla, ba uwarki ba!"

"Gi... gishiri?"

Gwaggo ta yi wata dariya da babu daɗi a cikinta.

"Daddawa ce babu. Miyar da ba daddawa, daga zaure hanci yake sanarwa. Shekara biyu kina tsaye a kan tukunyar nan."

Ta fizge ludayin ta jefa cikin kwano.

"Daga yau hannuna ya fita. Ko ruwan zafi ba zan ƙara dafa wa wayar nan ba."

Umma ta zabura.

"A'a Yaya, ba yanzu ba! Ko za ki yi fushi ki bari Asabar ta wuce."

"Me ake yi ran Asabar?"

Umma ta ɗan duburburce, sannan ta daure.

"Wata ƙungiyar mata ce ta gayyace ta. Can wajen Ƙofar Nassarawa, mata ɗari da hamsin za ta koya wa funkaso da taushe. An riga an buga takarda da hotonta. Dama so nake in roƙe ki ki dafa mana a gida da safe, mu tafi da shi a kular abinci, ita kuma ta ɗan jujjuya a gabansu..."

"In dafa a ɓoye."

"Ba ɓoye ba ne, Yaya."

"A sa ni a bayan gida kamar abin kunya, a ɗauki miyar uwata a kula, a kai wa mata ɗari da hamsin su tafa wa 'yarki."

"To mene ne a ciki? Ba 'yarki ba ce ita ma? In ta ɗaukaka ba gidan nan ne ya ɗaukaka ba?" Umma ta juya. "Ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki. Ba ta haƙuri mana! Ki ce za ki zauna ki koya kafin Asabar, ai kwana huɗu ne."

"Ba zan koya ba."

Su biyun suka juyo a tare.

"Me kika ce?" in ji Umma.

Nana ta kama igiyar rigar girkin ta fizge, ta cire ta ta kai, ta yar a kan cincin ɗin da ya watse.

"Na ce ba zan koya ba! Ba na so! Umma, na tsani girki!"

"Ke, kina cikin hankalinki?"

"Yau na shigo cikinsa! Na tsani hayaƙi. Na tsani yankan albasa. Na tsani in tsaya gaban tukunya ina murmushi ina cewa kai, ƙamshi, alhali zuciyata tashi take yi. Duk ranar da za mu ɗauka da ciwon kai nake tashi. Kin taɓa tambayata dalili?"

"Mutum dubu ɗari biyu..."

"Ba ni suke bi ba! Wata yarinya suke bi wadda babu ita a duniya!"

Hawaye ya wanke mata hoda, ba ta ko goge ba.

"Ba ku kaɗai na yi wa ƙarya ba. Kaina na fi yi wa. Kullum ce wa kaina nake, in na saba zan so shi. In mabiya suka kai dubu hamsin zan so shi. Suka kai. Na ce in suka kai dubu ɗari. Suka kai, suka ninka. Wallahi kullum ƙara tsanarsa nake."

Gwaggo ta harɗe hannu a ƙirji.

"To uban wa ya ɗaure ki? In ba kya so me ya hana ki bari? Kullum kina maƙale da wayar nan kamar da ita aka haife ki."

"Wayar nake so, Gwaggo."

"Me?"

"Ɗaukar nake so. Ba tsayuwa a gabanta ba, tsayuwa a bayanta."

Nana ta zare wayar daga kan sanda, ta matso.

"Kin ga ƙarfe biyar saura kwata, rana tana shigowa ta saman katangar can ta faɗo kan murhu. In kika buɗe tukunya a daidai lokacin, tururin nan sai ya zama kamar zinare. Minti shida kawai yake yi. Ina iya zaman awa guda ina jiran minti shidan nan ban gaji ba. In na zauna haɗa bidiyo, ina yankewa ina jonawa, tun hantsi sai in ji kiran la'asar, ko yunwa ban ji ba. Wannan ne kaɗai lokacin da nake jin ni ce."

"Shirme," in ji Umma. "Wa ya taɓa yin suna da riƙe waya?"

Nana ba ta kula ta ba. Ta buɗe wani wuri a wayar ta miƙa wa Gwaggo.

"Duba. Bidiyo ɗari uku da sha ɗaya ne. Ban taɓa sakin ko ɗaya ba."

Gwaggo ta kau da kai. Sai kuma ta ji muryarta tana fitowa daga wayar, tana 'yar waƙar da take yi in tana daka. Ta waigo.

Hannuwanta ne. Baƙaƙe, masu jijiya, da tsohon lalle a farce. Suna murza daddawa a tafi. Suna tsinke yakuwa da sauri kamar ba a kallo. Suna ɗaga kwaɓin funkaso yana zarya, suna sake shi cikin mai ya taso ya kumbura.

Nana ta ture zuwa na gaba. Tsofaffin lungu ne masu ɗinkin hula, allura na shiga tana fita. Na gaba kuma Gwaggo ce dai, ta ɗanɗana miya ta lumshe ido, fuskarta ta saki gaba ɗaya.

Gwaggo ta daɗe tana kallo.

"Haka nake?" ta ce a hankali.

"Haka kike, Gwaggo. Ke kina son abin nan. Duk wanda ya ga fuskarki ya san kina so. Shi na so in nuna wa mutane tun farko."

"To me ya hana?"

Nana ta mayar da ido kan wayar.

"Na ce me ya hana? Tunda ni kika fara ɗauka, yaya aka yi na ɓace kika fito?"

"Yaya, a bar maganar nan haka," in ji Umma da sauri. "Malam ya kusa dawowa daga kasuwa, kada ya tarar..."

"Sule ƙanina ne, ni na goya shi. Ya tarar! Khadijatu, ki dubi girman Allah ki faɗa min gaskiya."

Nana ta kalli mahaifiyarta. Umma ta girgiza mata kai, idonta ya fito.

"Nana, in kika buɗe baki..."

"Na gaji, Umma."

Ta juyo wajen Gwaggo.

"Bidiyo uku na farko ke ce a ciki, Gwaggo. Har sunan shafin ma Tukunyar 'Yardada na sa. Umma ta gani ta sa na goge. Ta ce..."

"Nana!"

"Ta ce ba wanda zai ɓata lokacinsa yana kallon tsohuwa mai jan haƙori. Ta ce in yi kwalliya in tsaya a wurin. Maganar ni na ƙirƙiro ma ita ta ce in faɗa, wai kada wani ya tambayi asali."

Gwaggo ba ta motsa ba.

Miya ta tafaso ta zubo kan gawayi, ta yi cuuu. Ba wanda ya kalle ta.

"Jummai."

Umma ta ja baya taku ɗaya, sai kuma ta tsaya. Ta ɗago kai.

"E, na faɗa."

"Kin faɗa."

"Na faɗa, Yaya! Kuma tunda yau ranar tonawa ce, bari in tona nawa. Shekara ashirin da shida ina gidan nan. Ranar da na fara tuwo ina amarya, a gaban dangi kika ɗaga malmala kika ce wannan na jifa ne ko na ci? Aka yi dariya. Kin manta, ni ban manta ba."

"Wasa ne irin na dangin miji..."

"Wasa? Har yau Malam bai taɓa cin abincina ya ce ya yi daɗi ba. Sai dai ya ce, ki tambayi Yaya yadda ake yi. Sunan 'ya'yana, ke. Saukar ɗana Nazeer, ke. Baƙi su zo gidana, su ci, su wuce ni su tafi ɗakinki godiya. Ni ko mai wanke kwano ban kai ba!"

Ta ƙara matsowa gaban Gwaggo.

"Sai Allah ya kawo ranar da za a ce girki a ambaci 'yar da na haifa. 'Yata! A tare ni a gidan biki a ce, ke ce maman Nana? In bar wannan? Wallahi ban yi nadama ba!"

Nana ta zuba wa mahaifiyarta ido.

"Umma, ashe ba don ni ba ne."

"Don wa ne in ba don ke ba?"

"Kin san ba na so. Sau nawa na zo ɗakinki ina kuka? Kika ce in daure. Ashe rama faɗanki kike yi da fuskata."

"Ni kike faɗa wa haka?"

Umma ta ɗaga hannu. Nana ba ta kauce ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka a hankali.

Gwaggo ta sunkuya. Ta sa gefen zaninta ta kama tukunyar, ta sauke ta daga wuta, ta juye miyar kaf a cikin wata roba. Ta ɗauraye tukunyar a bakin rijiya, ta kife ta a ka.

"Gwaggo, ina za ki?"

"Gidan ɗana. Da ma ya daɗe yana roƙo in koma can, ni ce na ce ba zan bar gidan ubana ba. Tukunyar nan ta Dada ce, da ita zan tafi. Sauran kaya a aiko min."

"Yaya, kada ki ja min bakin dangi," in ji Umma. "Me zan ce wa Malam?"

"Ki ce masa tsohuwa mai jan haƙori ta ba ku wuri."

Ta nufi zaure.

Nana ta kalli bayanta. Ta kalli wayar da ke hannunta. Ta goge fuska da bayan hannu, kwalli ya dame har kunci. Ta danna wurin da ake magana da mabiya kai tsaye.

Umma ta gane. Ta yi kukan kura.

"Kada ki kuskura! Nana, kashe! Za ki rusa shekara biyu a minti ɗaya!"

Nana ta zille ta bi bayan Gwaggo da gudu. Lambar da ke saman wayar ta fara hawa. Ɗari biyu. Ɗari tara. Dubu biyu. Saƙonni suna gudu kamar ruwa. Me za a dafa yau? Lafiya, Nana? Wa ya taɓa mana ke?

A bakin zaure ta tsaya tana haki.

"Assalamu alaikum. Yau ba girki."

Gwaggo, da ta kai ƙofar waje, ta dakata ba ta juyo ba.

"Sunana Nana Khadija Sule. Ban iya girki ba. Ban taɓa iyawa ba, kuma ba na son sa. Duk abin da kuka gani a shafin nan shekara biyu, ba ni na dafa ba. Haɗin da na ce na ƙirƙiro, ƙarya na yi muku, na kakata ne. Matan da ke jirana ran Asabar, ku yafe min, ba ni da abin da zan koya muku. Abin da na iya ɗaya ne, kuma shi nake so. Na iya ɗauka. Bari in nuna muku."

Ta juya kyamarar.

Hasken ƙofa ya faɗo kan tsohuwa mai tukunya a ka, mayafi a kafaɗa ɗaya. Ba tare da ta sani ba Nana ta ɗan rusuna, ta matsa hagu kaɗan don hasken ya zauna daidai. Hannunta da ke rawa tun ɗazu ya tsaya cak.

"Wannan ita ce mai girkin. Gwaggo, mutum dubu shida ke kallonki yanzu. Faɗa musu sunanki."

Umma ta ƙaraso ta jingina da bangon zaure, ta toshe baki da ɗankwali.

Gwaggo ta juyo a hankali. Ta sauke tukunyar ta ajiye a ƙasa. Ta gyara mayafinta tsaf, ta tako har gaban wayar, ta leƙa ciki.

"Duk suna jina?"

"Suna jin ki, Gwaggo."

"Har matan gidan Lauratu?"

"Wataƙila har su."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta ɗago ido ta wuce wayar, ta wuce Nana, ta sauke shi a kan Umma.

"Sunana zai jira," ta ce. "Juya abin nan ki haska min Jummai. A kanta zan fara."